Muhawara a kan fim ɗin Anniyan: shin tsoro ne kaɗai ke gyara al'ummar da ta saba da sakaci?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum. Ina da magana a kan fim ɗin Anniyan, wanda darakta Shankar ya fitar a Indiya cikin harshen Tamil a watan Yunin 2005, kuma na san ba kowa ne zai yarda da ni ba. Ra'ayina shi ne fim ɗin ya gano ainihin inda ciwon cin hanci da rashawa yake, domin bai tsaya kan manyan ɓarayi ba, ya nuna cewa sakacin mutane ɗaiɗaiku ne ke taruwa har ya durƙusar da ƙasa. Sannan ya faɗi abin da mutane ke jin nauyin faɗa, wato al'ummar da ta daina jin kunya babu abin da ke dawo da ita kan hanya sai tsoro.

Ga wanda bai kalla ba, ga labarin a taƙaice. Jarumi Vikram ya fito a matsayin Ramanujam, wanda ake kira Ambi, lauya mai kare haƙƙin masu sayen kaya a unguwar Triplicane ta Chennai, babban birnin jihar Tamil Nadu. Mutum ne mai bin doka sau da ƙafa, har jama'a suka mayar da shi abin dariya saboda yawan ƙorafinsa. Wayar birkin babur ɗinsa ta tsinke a tsakiyar titi saboda ha'incin masu ƙera ta, an kawo masa lalataccen abinci a jirgin ƙasa, ya ga wani mai mota ya ƙi ɗaukar wanda ya yi haɗari zuwa asibiti har mutumin ya cika. Duk inda ya kai kuka ba a saurare shi ba. Tun yana yaro ƙanwarsa ta mutu bayan ta faɗa cikin ruwan da wayar lantarki ta tsinko ta kwanta a ciki, kuma ba a hukunta kowa ba. Wannan takaicin ya taru ya raba hankalinsa gida uku: Ambi mai haƙuri, Remo ɗan gaye mai neman soyayyar Nandini, da Anniyan wanda ke karɓar ƙorafin jama'a ta shafin intanet, ya bi masu laifi ya kashe su da irin azabobin da aka zayyana a littafin addinin Hindu mai suna Garuda Purana. Ɗan kwangilar abincin jirgin ƙasa an soya shi a tafasasshen mai, mai kamfanin wayar birki an sakar masa matsattsaku suka tsotse jininsa, mai motar kuwa garken ɓauna ne ya tattake shi.

Akwai wata tambaya a fim ɗin da ta tsaya mini a rai. Idan mutum ya saci faisa 5, alhali faisa 100 ne ke yin rupi guda na kuɗin Indiya, kowa zai ce ba wani abu ba ne. To idan mutum miliyan 50 suka saci faisa 5, sau miliyan 50, me za a kira wannan? Ni a wurina duk hikimar fim ɗin tana cikin wannan lissafi.

Barista Hadiza:
Wa alaikumus salam, Malam. Lissafin faisa 5 ɗin nan gaskiya ne, kuma ban taɓa jin wanda ya musa shi ba. Inda na rabu da kai shi ne maganin da fim ɗin ya kawo, da kuma mutanen da ya zaɓa ya ɗura wa maganin. Ka sake duba waɗanda Anniyan ya kashe ko ya yi niyyar kashewa: mai mota, ɗan kwangilar abinci, mai ƙaramin kamfani, ma'aikacin lantarki, har da Nandini, budurwar da ta rage ƙimar filin da ta saya a takarda don ta kauce wa cikakken kuɗin rajista. A cikinsu babu minista, babu ɗan majalisa, babu babban sakataren da ya sa hannu aka ba ɗan kwangilar nan aiki, babu jami'in da ya kamata ya duba ingancin wayar birki kafin ta shiga kasuwa. A lokacin da fim ɗin ya fito, Jayalalithaa ce babbar ministar jihar Tamil Nadu, kuma tun 1996 ake shari'a da ita kan mallakar dukiyar da ta fi ƙarfin samunta. Fim ɗin da ke iƙirarin tono asirin rashawa a wannan jiha, a wannan shekara, ya kau da kai daga saman bene ya riƙe wuyan na ƙasa, ni ban ga jarumtaka a nan ba.

Abu na biyu kuma ya fi damuna a matsayina na lauya. Anniyan shi ne mai karɓar ƙara, shi ne mai bincike, shi ne alƙali, shi ne hauni. Ƙorafi ya zo ta intanet daga wanda bai sani ba, babu shaida, babu damar kare kai, babu ɗaukaka ƙara, kuma hukunci ɗaya ne ga kowa, wato kisa, ko laifinka ruɓaɓɓen abinci ne ko rage haraji. A fim ɗin duk wanda ya kama mai laifi ne, saboda marubucin labarin ya riga ya nuna mana laifin da idonmu. A rayuwa ta zahiri babu kyamarar da ke bin mutane tana tabbatar da laifinsu kafin a kashe su.

Ina so kuma ku lura da wani abu na tarihi. Kwana biyu kafin fitowar fim ɗin, ranar 15 ga Yunin 2005, shugaban ƙasar Indiya ya sa hannu a dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta fara aiki gaba ɗaya a watan Oktoba na shekarar. Da rupi 10 talaka zai rubuta takarda ya tambayi ma'aikata inda kuɗin wani aiki ya tafi, dole a ba shi amsa cikin kwana 30, kuma jami'in da ya yi jinkiri ba tare da dalili ba ana iya cin sa tarar rupi 250 a kowace rana har zuwa rupi 25,000 daga aljihunsa. Manoma da leburori ne na jihar Rajasthan, tare da su Aruna Roy, suka faro wannan gwagwarmaya a shekarun 1990, suna taruwa a fili ana karanta takardun biyan albashin ayyukan gwamnati da ƙarfi, mutanen ƙauye suna jin sunayen matattu a cikin waɗanda wai an biya. Jihar Tamil Nadu ma ita ta riga sauran jihohi yin irin wannan doka tun 1997. Wato mutanen da fim ɗin ya mayar abin dariya, masu rubuta takarda irin Ambi, su ne suka ci nasara a wannan makon, ba mai wuƙa ba.

Alhaji Ɗanlami:
'Yata Hadiza, kin yi magana ta ilimi, amma ki bar ni in tsaya wa Malam Habibu a wani gefen. Ni na ga zamanin Yaƙi da Rashin Ɗa'a da aka ƙaddamar a nan Najeriya a watan Maris na 1984, ina aikin gwamnati a lokacin. Mutanen da ake cewa ba za su taɓa bin layi ba, cikin ɗan lokaci sai ga su a jere a tashar mota, ma'aikacin da ya saba zuwa ofis da hantsi ya koma zuwa tun da safe. Ba wa'azi ne ya yi wannan ba, tsoro ne. Na kuma ga yadda abin ya sassauta bayan juyin mulkin Agustan 1985, don haka ba na cewa gyaran ya yi saiwa, amma duk wanda ya ce tsoro ba ya aiki ko kaɗan bai ga abin da muka gani ba.

Game da masu rubuta takarda kuma, akwai ɓangaren da kika tsallake. Satyendra Dubey injiniya ne a hukumar manyan hanyoyin Indiya, ya rubuta wa ofishin firayim minista wasiƙa kan ɓarnar da ake yi a aikin babbar hanya, ya roƙi a ɓoye sunansa, ba a ɓoye ba, aka harbe shi a garin Gaya a watan Nuwamban 2003. Shanmugam Manjunath ma'aikacin kamfanin mai na gwamnati ne, ya rufe gidan man da ke sayar da gurɓataccen mai a jihar Uttar Pradesh, aka kashe shi a Nuwamban 2005, wata biyar kacal bayan fitowar wannan fim. Su ne Ambi na gaskiya, kuma kin ga yadda aka yi da su. Idan mai gaskiya ne ke kwana da fargaba, mai laifi yana barci har da minshari, to mutumin da ya biya kuɗinsa ya shiga silima don ya ga an juya lamarin na sa'o'i uku, ni ba zan zarge shi ba.

Barista Hadiza:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ban zargi mai kallo ba, kuma mutuwar waɗannan bayin Allah biyu tana cikin abubuwan da suka sa nake ɗaukar maganar da zafi. Amma abin da ya kashe Dubey shi ne rashin kariya ga mai tona asiri, kuma hayaniyar da ta biyo bayan kisansa ce ta sa a 2004 aka ba hukumar sa ido ta tarayya ikon karɓar ƙorafin masu tona asiri tare da ɓoye sunayensu. Waɗanda suka kashe Manjunath kuwa kotu ta same su da laifi a 2007. Da wani ya fito ya rama musu da wuƙa, da ba a samu ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Nasiru:
Ina gaida iyayena da yayyena. Na yi karatu a Chennai, don haka ina so in yi magana kan mai motar nan da ɓauna suka tattake, domin a ganina a nan ne hujjar Malam Habibu ta fi rauni. Wata rana da yamma na ga an buge wani mai babur a kusa da inda muke zama. Mutane suka kewaye shi, wata mai sayar da furanni ta kwance gefen mayafinta tana danne masa goshi, wani ya kawo ruwa a leda, wani ya cire masa takalmi, amma masu motoci suna rage gudu su leƙa su wuce, har motar asibiti ta iso. Da na tambayi abokan karatuna dalili, amsarsu iri ɗaya ce: wanda ya kai mai rauni asibiti yana tsoron a tsare shi a nemi ya biya kuɗi, 'yan sanda su yi ta kiransa, ya shekara yana zuwa kotu a matsayin shaida, ko ma a ce shi ya buge shi. Fim ɗin ya nuna mai motar a matsayin mutumin da ya fifita tsabtar sabuwar motarsa a kan ran ɗan Adam, kuma akwai irinsu, amma yawancin masu wucewa tsoro ne ke hana su tsayawa. Idan tsoro ne ya haifar da matsalar, ƙarin tsoro ba zai warware ta ba.

Abin da Indiya ta yi daga baya akasin shawarar Anniyan ne. A watan Maris na 2016 Kotun Ƙoli ta tabbatar da ƙa'idojin da ke kare wanda ya taimaki mai haɗari, ta yadda ba za a tilasta masa bayyana sunansa ba, ba za a tsare shi a asibiti ba, kuma a 2019 aka shigar da wannan kariya cikin dokar motoci. A Disamban 2021 gwamnatin Tamil Nadu ta fara ɗaukar nauyin jinyar sa'o'i 48 na farko ga wanda ya yi haɗarin mota a jihar. Cire wa mutane fargaba aka yi don su taimaka.

Sannan irin tsoron da Malam ke nema, mutanen Tamil Nadu sun ɗanɗana shi. A watan Yunin 2020, lokacin kullen korona, 'yan sandan garin Sathankulam suka kama wani uba da ɗansa masu shagon waya, bisa zargin sun bar shago a buɗe bayan lokacin da aka ƙayyade. An azabtar da su a caji ofis, kuma cikin 'yan kwanaki dukansu suka mutu. Ƙaramin laifi, hukuncin kisa, babu alƙali: wannan shi ne tsarin Anniyan daidai, sai dai a nan masu kaki ne suka aiwatar. Bayan wannan lamari, darakta Hari, wanda ya yi finafinan Singam, ya fito ya ce yana nadamar finafinai biyar da ya yi yana kambama 'yan sanda. Idan mutumin da ke cikin sana'ar ya ga alaƙa tsakanin abin da ake tafa wa a silima da abin da ke faruwa a bayan kanta, bai kamata mu ce babu ba.

Malam Habibu:
Nasiru, ƙanena, na ji bayaninka, amma kada a ɗora mini abin da ban faɗa ba. Ban ce kowa ya ɗauki wuƙa ba, kuma ban ce 'yan sanda su kashe masu shago ba. Cewa na yi mai sakaci da ran jama'a dole ya san akwai abin da zai biyo baya, kuma inda hukuma ta kasa samar da wannan sanin, kada a yi mamaki idan zukata suka koma neman Anniyan.

Barista ta ce masu takarda sun ci nasara. To mu duba saurin nasarar. Ranar 16 ga Yulin 2004, ƙasa da shekara guda kafin fim ɗin, gobara ta tashi daga ɗakin girkin wata makaranta a garin Kumbakonam na wannan jiha ta Tamil Nadu, ta kama rufin ciyawa, yara 94 suka mutu. Ba mutum ɗaya ne ya kashe su ba. Wani ya yi rufi da ciyawa, wani ya cunkusa yara a bene mai ƙunƙuntar matakala, wani ya sa hannu a takardar cewa ginin lafiya lau yake, wani ya kamata ya zo dubawa bai zo ba. Kowannensu faisa 5 ya sata. Sai a shekarar 2014 kotun Thanjavur ta yanke hukunci, bayan shekara 10, kuma an sallami kusan rabin waɗanda aka gurfanar. Shari'ar Jayalalithaa da kika ambata, an fara a 1996, aka same ta da laifi a Satumban 2014, babbar kotu ta wanke ta a 2015, ta rasu a Disamban 2016 tana kan mulki, sannan a Fabrairun 2017 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin farko a kan sauran waɗanda aka tuhuma tare da ita. Ɗan gwagwarmayar yaƙi da rashawa Anna Hazare ya yi yajin cin abinci a Delhi a 2011, aka yi dokar kafa Lokpal, hukumar binciken rashawar manyan jami'ai, a 2013, amma ba a naɗa shugabanta na farko ba sai a Maris na 2019. Uwar da ta rasa ɗanta a Kumbakonam, wa zai iya kallon idonta ya ce mata ta rubuta takardar rupi 10?

Maganar cewa fim ɗin ya bar manya ya kama ƙanana, ni a nan ne ma nake ganin ƙarfinsa. Zagin minista abu ne mai sauƙi, kowa yana fita daga silima yana jin shi tsarkakakke ne. Wannan fim ya hana mai kallo wannan jin daɗin, har budurwar jarumin bai ƙyale ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Malama Zainab:
Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa, kuma akwai abin da ke cikin fim ɗin da ba a taɓo ba tukuna. Shankar bai yarda ya ba mai cikakken hankali wannan aikin ba. A fim ɗinsa na 1996, Indian, Kamal Haasan ya fito a matsayin tsohon sojan gwagwarmayar 'yanci da ke kashe jami'ai masu cin hanci da saninsa, har ya kashe ɗan cikinsa, kuma yana ɗauke da nauyin abin da ya aikata. A Anniyan kuwa an raba mutumin, hannu ɗaya yana kisa ɗaya bai sani ba, ta yadda mai kallo zai ji daɗin kisan ba tare da ya daina tausayin Ambi ba, kotu ma ta tura shi asibiti maimakon kurkuku. Wannan dabara ce ta wanke jarumi, amma masu lalura ne suka biya kuɗinta. A wurin aikina na ga uwa ta kawo ɗanta tana riƙe da gefen rigarsa, tana rage murya kafin ta faɗi abin da ke damunsa don kada na kusa su ji, saboda an riga an cusa wa jama'a cewa mai taɓin hankali makashi ne da ke jiran lokaci. Alhali waɗanda muke jinya sun fi zama waɗanda ake cutarwa a kan su zama masu cutarwa.

Ku kuma duba ƙarshen fim ɗin. Bayan shekara 2 an sallamo Ambi a matsayin wanda ya warke, ya auri Nandini, suna cikin jirgin ƙasa ya ga ma'aikacin lantarkin da sakacinsa ya kashe ƙanwarsa yana shan giya, ya faki idon amaryarsa ya jefa shi waje, ya dawo kamar ba abin da ya faru. A nan babu sauran uzurin ciwo. Kisa ne da sani, a ɓoye, kuma na ramuwar gayya ta ƙashin kai. Malam Habibu, idan darasin fim ɗin shi ne kowa ya ɗauki alhakin aikinsa, to jarumin shi ne mutum na farko da ya kuɓuce wa wannan darasi.

Nasiru:
Anti Zainab ta tuna mini da wani abu da abokaina Tamilawa ke yawan faɗa. Ambi ɗan ajin Brahmin ne, wato ajin da ke saman tsarin al'ummar Hindu, mai tsananin riƙo da al'ada, littafin da ake hukunci da shi na wannan al'ada ne, kuma a jihar da tafiyar ɗan gwagwarmaya Periyar ta shafe shekaru tana yaƙi da fifikon aji, mutane da yawa sun karanta fim ɗin a matsayin tsarkakakken ɗan babban gida da ke ladabtar da ƙazaman talakawa. Ko an yarda da wannan fassara ko ba a yarda ba, tambayar da ke ƙarƙashinta tana nan: wa ke zaɓen wanda za a kira mai laifi? A watan Mayun 2018 a gundumar Tiruvannamalai, jama'a sun kashe wata tsohuwa da ta tsaya tambayar hanyar wurin bauta ta ba yara alewa, saboda jita-jitar satar yara da ke yawo a WhatsApp. Su ma a ganinsu ƙorafi suka karɓa ta waya suka zartar da hukunci. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba, domin matafiya 16 da aka kashe a Uromi a Maris na 2025 suna kan hanyarsu ta zuwa Kano, waɗanda suka tare su sun tabbatar wa kansu cewa masu laifi suka kama.

Alhaji Ɗanlami:
Wannan na Uromi ya isa ya sa kowa ya yi shiru ya yi tunani, Allah ya jiƙansu. Amma Nasiru, taron jama'a da ya haukace daban, hukuma mai tsanani daban. A fim ɗin, lokacin da Anniyan ya tara mutane a filin wasa na Nehru, ya kwatanta Indiya da ƙasashen da suka tashi daga talauci suka wuce ta, yana tambayar me ya hana su. Na je Singafo sau ɗaya a zamanin aiki, na ga titi babu ko ɓawon gyaɗa, kuma kowa ya san tarar da ke jiran wanda ya yar. Wannan ba tsoro ba ne?

Barista Hadiza:
Tsoro ne, Baba, amma ka duba irinsa. Mutumin Singafo ya san dokar tun kafin ya karya ta, ya san adadin tarar, ya san za a kai shi gaban alƙali, kuma ya san dokar ba ta tsaya a kansa shi kaɗai ba. Hukumar binciken rashawa ta ƙasar tana nan tun 1952, an ƙara mata ƙarfi da dokar 1960, kuma a Oktoban 2024 kotu ta ɗaure tsohon ministan sufuri S. Iswaran, wanda a Chennai ɗin nan aka haife shi, wata 12 saboda kyaututtukan da ya karɓa yana kan muƙami da kuma kawo cikas ga shari'a. Abin da ke hana laifi shi ne tabbacin za a kama ka ko kai wane ne, ba munin azabar da za a yi maka ba. Anniyan ya ba da mafi munin azaba ga mutane ƙalilan da tsautsayi ya haɗa su da Ambi, sauran miliyoyin kuwa babu abin da ya same su.

Malam Habibu ya tambaye ni abin da zan ce wa uwar Kumbakonam. Ba zan ce mata shekara 10 adalci ba ne, zalunci ne a kan zalunci. Amma na san abin da ke faruwa idan aka biya buƙatar gaggawa da jini. A Disamban 2019 'yan sandan Hyderabad sun harbe mutum huɗu da ake zargi da fyaɗe da kisan wata likitar dabbobi, jama'a suka yi ta watsa musu furanni. Kwamitin da Kotun Ƙoli ta kafa ƙarƙashin tsohon alƙali Sirpurkar ya gano, a rahoton da aka bayyana a 2022, cewa da gangan aka harbe su, ya ba da shawarar a gurfanar da 'yan sanda 10 kan laifin kisa. Yanzu babu kotun da za ta taɓa tantance abin da kowane ɗaya daga cikin huɗun ya aikata, ko kuma ko akwai wani mai hannu da ba a kama ba.

Kuma Chennai ɗin da aka yi fim ɗin a cikinta tana da nata Ambi da bai zama Anniyan ba. Wani dattijo da ake kira Traffic Ramaswamy ya shafe shekaru yana shigar da ƙararraki a babbar kotun Madras da ke Chennai kan gine-ginen da aka yi ba bisa ƙa'ida ba da allunan 'yan siyasa da ke tare hanya, an sha kai masa hari har kotu ta sa aka ba shi ɗan sanda mai gadi, bai daina ba har ya rasu a 2021. Wata ƙungiya mai suna 5th Pillar kuma a 2007 ta fara raba takardar kuɗi ta rupi sifili, mai kama da ta rupi 50, wadda mutum ke miƙa wa jami'in da ya nemi na goro don ya san an gane shi kuma akwai masu bibiya. Wannan kunyatarwa ce, kuma kunyar da kake cewa ta mutu, Malam, ita suka dogara da ita.

Malam Habibu:
Barista, ina girmama Ramaswamy, amma ki lura cewa shekara biyu kafin rasuwarsa, a Satumban 2019, allon wani ɗan siyasa da aka kafa a tsakiyar titi a Chennai ya faɗo kan wata budurwa da ke kan babur, motar dakon ruwa ta bi ta kanta ta mutu, duk da umarnin da kotu ta riga ta bayar a kan irin waɗannan alluna. Umarnin yana nan a takarda, wanda ya kafa allon bai ji tsoronsa ba, jami'an da suka wuce ta ƙarƙashinsa ba su ji tsoronsa ba. Kin ce tabbacin kamu ne ke hana laifi, na yarda, amma tabbacin kamu shi ne tsoron da nake magana a kai tun farko, kuma har yanzu babu wanda ya nuna mini al'ummar da ta gyaru ba tare da shi ba. Abin da Anti Zainab ta faɗa kan ƙarshen fim ɗin da kuma yadda aka yi amfani da lalurar ƙwaƙwalwa, wannan tuhuma ce da Shankar zai amsa. Tambayar faisa 5 kuwa ba a kansa take ba, a kan mai kallo take.

Malama Zainab:
To ai a nan ne nake ganin fim ɗin ya ci amanar tambayarsa. Idan laifin na mutum miliyan 50 ne, gyaran ma aikin mutum miliyan 50 ne, amma abin da aka nuna wa jama'ar da ke filin wasan nan shi ne su zauna a kujera su saurari mutum ɗaya, sannan su koma gida su aika masa sunan wani. Babu wurin da aka nuna maƙwabtan Ambi sun bi shi ofishin lantarki, ko fasinjojin taragon sun sa hannu a takardar ƙorafinsa kan abincin. Jihar Tamil Nadu kuma ta daɗe tana neman mai ceto daga allon silima: ɗan fim M. G. Ramachandran ya mulke ta daga 1977 zuwa 1987, Vijayakanth ya kafa jam'iyyarsa a Satumban 2005 bayan ya fito a fim ɗin Ramanaa na yaƙi da rashawa, Kamal Haasan ya kafa tasa a 2018, Vijay ya biyo baya a 2024. Manoman Rajasthan da Barista ta ambata ba su da jarumi ko ɗaya da ake sayar da hotonsa, takardar albashi kawai suka nemi a karanta musu a bainar jama'a, kuma a wasu ƙauyukan shugabannin da aka kama da ƙarya sun dawo da kuɗin da suka ci. Ina so Malam Habibu ya gaya mana a wane gefe zai sa wannan, gefen tsoro ko gefen kunya, domin babu wanda ya ɗaga musu ko sanda a wurin.